Kwana a tanti, ziyarar aboki da baje kolin tarihi a yankin Birnin Kudu: yaya za a haɗa su cikin kwana uku?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Kano ne, ina da yara uku, maza biyu masu shekara 14 da 11, da mace 'yar shekara 9. A dogon hutun nan na watan Agusta ina so in kai su ƙauyen wani abokina da muka yi makaranta tare, a yankin Birnin Kudu. Ya ce mini ƙungiyar matasan garinsu za ta yi baje kolin kayan tarihi ranar Asabar a makarantar firamare. Na sayi tanti, yaran kuma sun ƙwallafa rai sai sun kwana a daji. Ina tunanin mu leƙa Dutse da Baturiya kafin mu dawo ranar Lahadi. Mahaifiyarsu dai hankalinta bai kwanta da maganar kwanan daji ba. Wace shawara za ka ba ni?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya mana su, ya saka maka da alheri da ka yi tunanin fitar da su daga birni su ga inda tuwonsu yake fitowa. Idan na fahimce ka, tsakanin Juma'a da Lahadi kana so ka haɗa kwana a tanti, da sada zumunci, da kallon kayan tarihi. Akwai kuma tambayar da ba ka fito da ita fili ba, wato tsakaninka da uwar yaran wa ya fi gaskiya. Na yi shekara 20 da 'yan kai ina koyar da tarihi a makarantun sakandare na karkarar Kano da Jigawa, kuma a mafi yawan shekarun nan ni nake fita da 'yan sikawut idan za a yi zango, don haka da abin da na gani da idona zan amsa maka. Ku je, ku kwana a tantin, amma a gefen gari, inda za a ji muryarku idan kun yi kira. Kuma a kowane mataki ka sa abokinka a gaba, domin shi ne ɗan gari, kai baƙo ne ko da kuwa harshenku ɗaya.

Lokacin da ka zaɓa

Hutun makaranta yana faɗowa a tsakiyar damina, kuma Agusta shi ne watan da ruwa ya fi yawa a ƙasar Kano da Jigawa. Lokacin marka ne, a wuni ana yayyafi a kwana ana yi. Yana da daɗinsa. Zafin bazara ya wuce, gari ya yi kore shar, gero ya fara fitar da kai, ga ƙwan zabi, ga nono ya wadata, ga masara ana gasawa. Amma ruwan nan yana tafe da sauro, kuma ramuka sun cika, ciyawa ta yi tsayi, macizai da kunamu suna neman busasshen wurin da za su laɓe. Tanti kuwa busasshen wuri ne mai ɗumi. To ka ga uwar yaran ba tsoro kawai take ji ba, tana da hujja.

Sai dai abin da ya fi damuna da kwanan daji ba maciji ba ne. Wata shekara na kai ɗalibai wajen 30 wani ƙauye, motarmu ta lalace a hanya, ba mu isa ba sai bayan magariba. Muka kafa tantuna a bayan gari da niyyar idan gari ya waye mu je mu gai da mai unguwa. Wajen ƙarfe 11 na dare sai ga 'yan sintiri sun kewaye mu da gora da tocila. Ashe a cikin makon an kore shanun wani a ƙauyen da ke gaba da su, ga shi kuma sun hango fitilu suna yawo a inda babu gida. Allah ya sa babbansu mutum ne mai natsuwa. Ya haska cikin tanti ɗaya, ya ga yara ne a kwance da jakunkunan makaranta a ƙarƙashin kawunansu, ya sauke gorarsa. Ya ce da ni, "Malam, da ka aiko ko da yaro ne, ai mu za mu kwana muna gadinku." Tun daga ranar ban sake buga turken tanti a ƙasar wani ba sai masu ƙasar sun sani.

Shi ya sa nake so ku bar Kano da sassafe ranar Juma'a. Hanyar ita ce ta Wudil, Takai, Kachako, ku wuce Kwanar Huguma, tafiyar awa biyu da wani abu idan babu tsaiko. Ka tuna Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, motocin shanu sukan cika wajen gadar, wanda ya yi sammako shi yake wucewa salin alin. Ribar isa da wuri ita ce ku yi sallar Juma'a tare da abokinka. Idan aka sallame, a nan ƙofar masallaci zai gabatar da kai ga liman da mai unguwa da dattawan gari, kafin la'asar kowa ya san baƙin wane ne suka zo, kuma ya san yaran birni za su kwana a tanti. Daga nan ku je gidan mai unguwa ku yi gaisuwa ta musamman da ɗan goro. Idan ya ce a sanar da dagaci, a sanar. Wannan gaisuwar ta fi duk wani makulli da za ka saya.

Inda za a kafa tantin

Wurin da na fi yarda da shi shi ne filin makarantar firamare, da izinin hedimasta. Ƙasar a share take saboda ƙafar yara, ciyawa ba ta da tsayi, akwai makewayi, sau da yawa akwai famfon tuƙa-tuƙa, kuma idan hadari ya fi ƙarfin tanti sai ku kwashe shimfiɗa ku shige aji. Tunda a can za a yi baje kolin, wataƙila ma matasan suna kwana suna gadin kayan, ka samu abokan hira. Idan hakan bai yiwu ba, sai fili a ƙofar gidan abokinka, kusa da zaure. Yaran za su ɗan ɓata rai da farko su ce wannan ai ba daji ba ne. Ka bar su har dare ya yi. Ƙauyen da babu wutar lantarki, idan an kashe fitilu, kwaɗi suka ɗauki kuka, taurari suka fito bayan an ɗauke ruwa, ya ishi yaron Kano daji.

Ka zaɓi tudu, wurin da ruwa ba ya kwanciya. Kada ka amince da idonka a kan wannan, ka tambayi mutanen wurin ta ina ruwa yake bi, don fili yakan yi kamar shimfiɗaɗɗe da rana, da dare ya zama rafi. Ƙofar tantin ta kalli yamma, saboda hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska a gabansa. Ku haƙa 'yar magudana kewaye da shi da fartanya, zurfin tafin hannu ya isa, ku bar mata mafita ta gangare. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, sannan tabarma. Kada ku kafa a gindin babbar bishiya, saboda tsawa da karyewar reshe, kuka kuma sau da yawa akwai zuma a kogonta. Ku nisanci suri, da tarin itace ko kara, da bakin rafi. Ku kuma tambaya ko wurin burtali ne, don garke ba ya kauce wa tanti idan ya taho da asuba.

A ciki, kowa ya shiga gidan sauro mai magani ko da tantin yana da raga. Kada a shigar da kurfoti da gawayi ciki don jin ɗumi, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kashe mutum cikin barci, kuma tanti leda ne, kyandir ɗaya ya ishe shi. Kowane yaro da tocilarsa, babu mai fita fitsari da dare ba haske ba takalmi rufaffe, kuma da safe a kakkaɓe takalmin kafin a zura ƙafa.

Game da 'yarka, ga ra'ayina. Ta zauna da ku a bakin wuta har bayan isha, ta ci masara, ta shiga tantin ta ga yadda yake, amma kwana ta yi shi a cikin gida wurin uwargidan abokinka. Haka mutanen wurin za su fi ganin daidai, kuma ba za ta yi asara ba. A irin gidajen nan da wuya a rasa tsohuwa, kuma a ɗakin tsohuwa ake jin tatsuniya da labarin yadda aka yi aure da yunwa da biki a da, abin da 'yan'uwanta maza ba za su ji ba.

Gidan abokinka

A nan nake so ka fi mai da hankali, don mutanen birni sukan yi kuskure ba da gangan ba. Agusta lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. Duk da haka abokinka zai yanka muku zabo ko kaza, kuma ba zai taɓa nuna maka ya matsu ba. Kada ka hana shi, hanawar cin fuska ce. Kada kuma ka miƙa masa kuɗi a hannu ka ce na cefane ne. Abin da ake yi shi ne tsaraba mai nauyi wadda za ta shiga cikin gida da sunan mahaifiyar yara ce ta aiko wa uwargida: shinkafa, man girki, sukari, ganyen shayi, sabulu, da turmin atamfa idan da hali. Iyayensa idan suna raye a ware musu nasu, goro da turare. Ta haka ka ɗauke nauyin bakunanku huɗu ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Ka kuma tuna lokacin aiki ne. Kada ka sa ran zai zauna da kai a zaure tun safe har yamma kamar ranar salla. Ka bi shi gona, ka tafi da yaran. Su riƙe fartanya ko na rabin awa ne, su koyi bambanta gero da dawa tun suna kore, su ga yadda ake shuka wake a tsakanin kunya. Kafin ku taso daga gida ka koya musu gaisuwa: a durƙusa wa babba, a cire takalmi a ƙofar zaure, a tambayi gajiya da ruwa da aiki, kada a yi wa abinci ko makewayi tsaki ko yatsina. Babban ɗanka mai shekara 14 kada ya faɗa cikin gida kai tsaye, ya yi sallama ya jira a ba shi izini. Wayoyinsu kuma su zauna a jaka idan ana hira da manya. Na ga ziyarar da ta gyara zumuncin shekara 30, na kuma ga wadda yatsinar yaro ɗaya a kan tuwon dawa ta sa mai gida bai sake gayyata ba.

Duwatsun da baje kolin

Abokinka ya ba ka dama babba da yake a wannan yankin yake, domin Birnin Kudu tana da abin da ba kowane gari ke da shi ba a ƙasar Hausa, wato zanen da mutane suka yi tun zamanin da a jikin duwatsu, a wurare irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don haka ku nemi ma'aikacinta ya kai ku. Yawancin zanen na shanu ne, da jan launi. Idan na kai ɗalibai ba na yi musu bayani da farko. Nakan ce su duba da kyau su faɗa mini abin da ya bambanta waɗannan shanun da na Fulanin da muka wuce a hanya. Sukan yi shiru, can sai wani ya ce, "Malam, ba su da tozo." To daga nan darasi ya fara: shanu ne irin waɗanda ba a kiwonsu a yankin yanzu, ke nan masu zanen sun rayu a wani zamani da dabbobin wurin ma daban suke. Ka gwada wannan da naka yaran.

A nan kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe, har za ka ga gurbin da bugu ya ci a jikinsu. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya yi aiki a kan tsofaffin kayan tarihi na Nok ya kuma kafa gidan tarihi na Jos, shi ya fara rubuta labarinsu bayan ya gan su a Birnin Kudu a 1955, daga baya aka gano irinsu a wurare da yawa a Afirka. Ina roƙonka abu ɗaya: kada kowa ya taɓa zanen, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada yaro ya rubuta sunansa da gawayi a gefe. Kowane hannu da ya shafa yana tafiya da wani abu daga launin. Ku je da hantsi bayan rana ta busar da dutsen, don jiƙaƙƙen dutse yana da santsi, kuma da kun ji rugugin tsawa ku sauko.

Baje kolin kuwa, irin wanda matasan gari suke haɗawa, na halarci da dama kuma ina ganin darajarsu. Kayan daga ɗakunan mutane suke fitowa: akushi, tandu, gafaka, kwari da baka, tsohuwar bindigar toka, zuga-zugin maƙeri, takardar haraji, kuɗin wuri. Ba kamar Gidan Makama, gidan tarihin Kano, ba ne inda kaya suke bayan gilashi da rubutu a ƙasa. A nan mai kayan yana zaune a gefensu. Kuskuren da ake yi shi ne a zagaya cikin minti 20 ana ɗaukar hoto a fita. Ka ce kowane yaro ya zaɓi abu biyu kacal, ya durƙusa ya gai da mai shi, ya tambaya na wane ne, me ake yi da shi, yaushe aka daina, me ya maye gurbinsa. A wani irin taron na ga wata ɗalibata ta tsuguna gaban tsohuwa mai mazari. Tsohuwar ta dangwali alli da yatsa, ta ja sili daga saɓin auduga, ta murza mazarin, zare ya riƙa fitowa siriri ba ya tsinkewa, ita kuma tana ta magana ba ta ko kallon hannunta. Ta ce da kuɗin zaren nan ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki. Yarinyar ta gwada sau biyar zaren yana katsewa. Abin da ta rubuta mini a kan sana'ar mata bayan mun dawo ya fi duk abin da na koya musu a zangon.

Don yaran su san inda za su rataya abin da za su ji, ka ba su 'yan turaku tun a mota. A ƙarni na 19 Birnin Kudu tana bakin iyakar Kano da Ningi. Mutanen wani malami mai suna Malam Hamza, da suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840, sun kafu a duwatsun Ningi, aka yi shekaru ana kai hare-hare kudancin Kano, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Idan dattijo ya nuna muku kufan ganuwa ko ya ce kakansa a kan dutse ya ɓuya, yawanci wannan zamanin yake nufi. Turawa sun ci Kano a 1903. Anini mai huda a tsakiya da sisi da sule kuɗin zamaninsu ne da bayansa, naira ba ta zo ba sai 1973. Jigawa kuma an cire ta daga Kano a 1991, Birnin Kudu ta kasance a Masarautar Dutse.

Za ku ji labaran da suka saɓa wa juna, wannan ya ce maharbi ne ya sari garin, wancan ya ce wani malami ne daga gabas. Kada ka ƙaryata dattijo a gaban mutane, kada kuma ka ce wa yara duk gaskiya ne. Su rubuta duka biyun da wanda ya faɗa, da dare a bakin tanti ku tattauna me ya sa kowane gida yake riƙe da nasa. Aikin masanin tarihi ke nan. A nemi izini kafin hoto ko naɗar murya, musamman na mata da rubutun ajami. Idan wani ya ja ka gefe ya ce zai sayar maka da tsohon takobi ko littafi, ka ba shi haƙuri. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kayan sai ga wanda aka ba izini, kuma duk abin da ya bar garin ya bar shi ke nan.

Dutse, Baturiya da maganar lafiya

Baturiya ka cire ta daga lissafi. Tana can yankin Hadeja, tafiya ce mai nisa daga inda kuke, fadama ce da ruwa yake malalewa a wannan watan, kuma tsuntsayen da ake zuwa gani, masu tasowa daga Turai, sai da hunturu suke sauka. Ka ajiye ta zuwa Disamba ko Janairu. Dutse za ku iya ratsawa ranar Lahadi idan kun taso bayan azahar kuma sama ta yi haske, ku ga duwatsun Garu da itatuwan dabino. Ni dai da ni ne, zan ƙara wa abokina waɗannan awannin, in kama hanya yadda zan shiga Kano kafin magariba. Ka cika tanki, ka duba safaya, ka riƙe tsabar kuɗi don sabis yakan ɗauke. Idan hanyar ƙauyen ta yi laka, ka ajiye motar inda abokinka ya ce, ku ƙarasa a babur.

Ni malamin tarihi ne, ba likita ba, don haka idan wani cikin yaran yana da asma ko sikila, ka ga likitansa kafin ku tashi. Abin da aka koya mana na taimakon farko shi ne wannan. Idan maciji ya yi sara, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai, don dafin kububuwa yakan ɗauki lokaci kafin jini ya fara zuba. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin Birnin Kudu, ka sa abokinka ya bincika tun kafin ku zo inda ake samun allurar dafin maciji da wanda zai kai ku da dare. Ku tafi da ruwan shanku ko ku tafasa, da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Bayan kun dawo, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin mako biyu zuwa uku a yi masa gwajin cizon sauro a ranar.

Halin tsaro da na hanya kuwa abu ne da yake canzawa daga mako zuwa mako, kuma abokinka ne yake kwana a wurin. Ka kira shi daren Alhamis, idan ya ce a ɗaga, a ɗaga. Kafin nan, ka haɗa mahaifiyar yaran da uwargidansa a waya su gaisa, ta ji da kunnenta ɗakin da 'yarta za ta kwana da kuma taku nawa ne daga tantin zuwa zaure.